Tambaya da Amsa: Kwamfutata ta yi shiru, ina matsalar take?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filin tambaya da amsa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya suke, wato matsalar sauti a kwamfutar tebur, irin wadda akwatinta daban sikirin daban, shi yasa na haɗa su wuri guda. Abin da ya fi damuna shine da yawanku kun ce an gaya muku wai sai an yi fomat ko sai an canza madabod, wato babban allon dake cikin akwatin wanda sauran kayan suke haɗe da shi. Dan Allah ku daina saurin yarda da wannan maganar, yin fomat saboda sauti ya ɗauke kamar mai ciwon kai ne ace za a yi masa tiyata, ga asarar kuɗi ga asarar takardu da hotunan da mutum ya tara shekara da shekaru. Sautin nan hanya yake bi, daga manhajar da ka kunna ya shiga Windows, ya bi ta direba, ya isa wani ɗan ƙaramin cif a jikin madabod, ya fito ta rami ya bi waya ya isa sifika. To daga bakin sifikar ake farawa a yo baya, dan nan ne gyaran ya fi araha.

Tambaya: Salam Malam, ina da shagon buga takardu da fotokwafi, na sayo kwamfutar tebur ta hannu irin tokumbo ɗin nan, komai lafiya lau tana buɗewa tana firintin amma sauti ko kaɗan babu, sifikun kuma lafiyarsu ƙalau dan na gwada su a wayata suna yi. Wani yaro yace min wai saun kad ɗin ne ya ƙone, wato abin da yake fitar da sautin. Ya zanyi dan Allah? Daga mai shago a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka yi dabara da ka fara gwada sifikun a waya, rabin aikin kenan ka gama. Yanzu ka juya akwatin ka kalli bayansa, zaka ga ramuka ƴan ƙanana masu launi, yawanci uku ne, kore da ruwan hoda da shuɗi. Koren shine na sifika ko hedifon, ruwan hodar na makirfo ne, shuɗin kuma na shigar da sauti ne daga wani abu kamar rediyo ko miksa. Wannan tsarin launi tun ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin Microsoft da Intel suka fito da shi kuma har yanzu shi ake bi. Girman ramukan ɗaya ne, milimita 3.5, saboda haka fulogin zai shiga kowanne daram ba tare da ya nuna maka kuskure ba, kuma wallahi mutane da yawa a shuɗin suke jonawa saboda bayan kwamfuta akwai duhu, da lalube ake sawa. Ka haska fitilar waya ka tabbatar a kore yake kuma ka tura shi har ƙarshe sai ka ji ya ɗan yi ƙas.

Sannan irin sifikun, in masu wayar USB ne da kuma fulogin sauti, to USB ɗin wuta kawai yake basu, dole ka jona duka biyun. Kuma su kasance a kunne, maɓallin ƙarar dake jikinsu a murɗe.

In duk wannan daidai ne sai mu shiga ciki. Ka danna maɓallin Windows da R a kibod a tare, wani ɗan akwati zai fito, ka rubuta mmsys.cpl ka danna Enter. Ka riƙe wannan kalmar da kyau dan zamu ta komawa kanta, kuma tana aiki daga Windows 7 har 11. Shafin farko da zai buɗe an rubuta Playback, a nan ne zaka ga jerin duk wuraren da kwamfutar take iya tura sauti, kuma ɗaya daga ciki yana da alamar tik kore, to can take turawa. Abin da na fi zargi a naka shine monita. In da wayar HDMI ko DisplayPort ka haɗa sikirin ɗin, wayoyin nan biyu suna ɗaukar hoto da sauti tare, sai Windows ta ga sabon wuri ta mayar da sautin can, alhali monitocin ofis da yawa ba su da sifika a jikinsu kwata-kwata, kaga sauti yana ta tafiya inda ba mai ji. Ka zaɓi wanda aka rubuta Speakers, ka danna Set Default, sannan ka danna dama a maus a kansa ka zaɓi Test. In baka ga Speakers a jerin ba, ka danna dama a farin wurin da ba komai ka sa tik a Show Disabled Devices, wani lokacin tun daga ofishin da aka yi amfani da ita a can waje aka kashe shi da gangan, sai ka danna Enable.

Ga wani abu da zai raba maka gardama, ka kunna wani karatu ko bidiyo ka bar shafin nan a buɗe, a gefen Speakers akwai wasu ƴan layuka da suke yin kore suna hawa suna sauka. In suna motsi amma baka ji, to Windows da direba lafiyarsu lau, matsalar daga rami ce zuwa waje. In basa motsi matsalar ta ciki ce, sai ka duba Volume Mixer ta hanyar danna dama a ɗan hoton sifikar dake kusa da agogo, dan kowace manhaja tana da nata ma'aunin ƙara, zata yiwu an rufe na burauza kaɗai. Sai duk wannan ya ƙi sannan za a fara maganar ƙonewa.

Tambaya: Injiniya barka da aiki. An min fomatin ɗin kwamfutata an sa sabon Windows, tun daga ranar ɗan hoton sifikar yake da jan kuros, in na ɗora maus a kai sai ya rubuta No Audio Output Device is installed. Kafin fomatin ɗin kuwa tana yi. Na koma wajen mai gyaran yace in kawo kuɗin madabod. Ɗalibi daga Katsina.

Amsa: Ƙanena kar ka bada ko sisi tukuna. Kai da bakinka ka ce kafin fomat tana yi, to madabod baya mutuwa saboda an canza Windows, abin da ya tafi shine direba, wato ƴar manhajar da take sa Windows ta gane cif ɗin sautin ta iya magana da shi. Ka danna Windows da R ka rubuta devmgmt.msc, jerin kayan cikin kwamfutar zai fito. Ka duba layin Sound, video and game controllers, a yawancin kwamfutoci zaka ga Realtek ko High Definition Audio Device. In babu, ko kuma ka ga wani abu mai alamar motsin rai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin Other devices, to shine namu, direba yake nema.

Baka gaya min wane Windows aka sa maka ba. In 10 ne ko 11 ka haɗa ta da intanet ka shiga Windows Update ka bari ta gama duk abin da zata sauke, ka yi ristat, sau da yawa da kanta take ɗauko shi. In 7 ne kuwa kar ka zauna jira, an daina kula da shi tun Janairun 2020, da hannu zaka nemo. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Ka duba jikin akwatin akwai sitika, in Dell ce zaka ga Service Tag mai haruffa da lambobi guda 7, in HP ce ko Lenovo akwai siriyal lamba da sunan samfurin, ka shiga sashen taimako na shafinsu ka rubuta lambar, ka zaɓi Windows ɗinka, ka sauke direban Audio, in da hali ka fara sa wanda aka rubuta Chipset, wato direban madabod, kafin shi. Ko a waya zaka iya saukewa ka tura ta kebul. Abin da nake roƙonka, ka guji shafukan nan masu cewa danna nan mu gyara maka duk direbobinka a kyauta, da yawansu tallace-tallace da bairos suke cusa wa mutum, ka shiga neman sauti ka fito da kwamfuta mai nauyi kamar me.

In ka sa direba har yanzu jan kuros yana nan, ka rubuta services.msc ka nemo Windows Audio da Windows Audio Endpoint Builder, duka biyun su kasance suna Running kuma a kan Automatic. Irin Windows ɗin da ake yankewa ana rage masa kaya dan ya yi sauri, wanda wasu masu gyara suke yawo da shi a filash, wani lokacin da irin wannan naƙasar yake zuwa, in shi aka sa maka to maganin a sa maka cikakke.

Saura BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ake shiga tun kafin Windows ta buɗe. Kana kunna kwamfutar ka dinga danna F2 in Dell ce, F10 in HP, F1 in Lenovo, waɗanda aka harhaɗa kuma yawanci Delete ne. Ka nemo inda aka rubuta Audio ko Onboard Audio ka ga a kunne yake, kar ka taɓa komai bayan shi, ka yi sebin ka fita. Kuma ko da ace ƙaddara cif ɗin ya ƙone da gaske, hakan na faruwa musamman in wuta ta zo da ƙarfi, har yanzu ba sai ka canza madabod ba. Akwai saun kad na USB, girmansa kamar filash, yana da rami kore da ruwan hoda a jikinsa, kana sawa Windows take ganinsa ba sai da wani direba ba, kuɗinsa kuma ko kusa bai kai na madabod ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Islamiyya ce ina koyar da wasu ɗalibai mata karatu ta Zoom, da waya nake yi amma ido ya fara damuna sai maigida ya kawo min kwamfutar tebur. Matsalar ni ina jinsu sarai amma su basa jina ko kaɗan, kuma iyafis ɗin da nake amfani da shi a waya ne, a wayar kuma lafiya lau yake. Daga Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri kan wannan aiki. Ki ɗauko iyafis ɗin ki kalli bakin ƙarfen da ake sawa a rami, ki ƙirga zobban dake jikinsa, baƙaƙe ne ko farare. Na waya mai makirfo zobe 3 ne da shi, wanda ya raba ƙarfen gida 4, kunnen hagu da kunnen dama da makirfo da kuma hanyar da wutar take komawa, duk a baki ɗaya. Ita kuma kwamfutar tebur yawanci ta raba su, kore na ji ne kawai, ruwan hoda na magana ne kawai. Da kika sa shi a kore kunnuwan sun samu hanyarsu amma makirfon bai samu inda zai shiga ba, shi yasa kike ji basa jinki. Ba abin da ya lalace.

Abin da zaki sa a sayo miki wata ƴar gajeriyar waya ce da ake kira sifilita, rami ɗaya a gefe guda inda iyafis zai shiga, a ɗaya gefen kuma kawuna biyu, kore da ruwan hoda. A nan ake yawan kuskure Malama, akwai wata mai kama da ita wadda aka yi dan mutum biyu su saurari abu ɗaya, wannan ba zata yi miki ba, akwai kuma mai kai ɗaya rami biyu wadda ta laftof ce. Ki ce wa mai sayowa mai kai biyu rami ɗaya, mai hoton makirfo da hoton hedifon. Amma kafin a kashe kuɗi ki duba gaban akwatin, wasu kwamfutocin ofis na baya-bayan nan suna da rami ɗaya mai hoton hedifon da ɗan makirfo a jikinsa, wannan yana karɓar iyafis ɗin waya kai tsaye, wani lokacin har tambaya take fitowa a sikirin me kika jona, sai ki zaɓi Headset.

Bayan an jona ki buɗe mmsys.cpl ki shiga Recording ki yi magana, in koren layin yana motsi to muryarki ta shiga. In tana shiga ƙasa-ƙasa ki danna Microphone sau biyu ki shiga Levels ki ƙara, akwai Microphone Boost a ƙasa amma shi kaɗan ake ƙara shi dan yana jawo shuuu. Sai izini, tun 2018 Windows 10 take da wani maɓalli da yake hana manhajoji taɓa makirfo, ki shiga Settings sai Privacy sai Microphone ki kunna, ki gangara ƙasa ki kunna na desktop apps ma dan Zoom a nan take. A cikin Zoom ɗin kuma kusa da hoton makirfo akwai ƴar kibiya, ki danna ki zaɓi makirfon da kika jona, ki gwada da Test kafin ɗalibai su shigo. Tunda karatu ne da ake son harafi ya fita daga mafitarsa, shawarata in Allah ya hore ki sayi hedifon na USB mai makirfo a gaban baki, zai fi na waya fitar da murya nesa ba kusa ba.

Tambaya: Malam mune muke kula da kayan sauti a masallacin unguwarmu, muna haɗa kwamfuta da amfilifaya dan sa karatu kafin tafsiri da kuma ɗaukar tafsirin. Da mun jona sai wani gurnani ya taso buuuu ba ƙaƙƙautawa, in an tada janareto ya fi tsanani, da mun cire wayar kwamfutar sai ya ɗauke. Kuma wani lokacin in ka taɓa bayan akwatin yana ɗan ja. Wani yace mu karya dogon ƙarfen fulogin wai zai daina. Daga Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa zan fara da maganar ƙarshe dan ita ta fi tsorata ni. Kar ku karya ƙarfen nan, dan girman Allah. Dogon ƙarfen fulogi mai baki uku shine na at, wato wayar da take kai wuta ƙasa in wani abu ya lalace a ciki, in kuka karya shi zai yiwu gurnanin ya ragu amma duk ranar da wuta ta zubo a jikin akwatin ko jikin makirfo, jikin mutum zata bi, kuma masallaci wuri ne da ake shiga ba takalmi da danshin alwala a hannu da ƙafa. Wannan jan da kake ji ma alama ce cewa at ɗin wurin bashi da kyau ko babu shi gaba ɗaya, ku kira mai aikin wuta na ƙwarai ya duba soket ɗin da estenshon ɗin da kuma janareton, dan estenshon da yawa na kasuwa ramin at ɗinsu ado ne kawai ba waya a ciki. Wannan shine aikin farko tun kafin maganar sauti.

Shi gurnanin kuma ƙarar wutar lantarki ce da kanta kuke ji. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, to in kwamfuta tana soket ɗaya amfilifaya tana wani soket can nesa, sai a samu ɗan bambanci tsakanin at ɗin wannan da at ɗin wancan, bambancin sai ya nemi hanya ya bi ta wayar sautin da ta haɗa su, amfilifaya kuma aikinta ƙara duk abin da aka bata, sai ta ƙara shi ya fito a lasifika. Gwajin farko kyauta ne, ku jona kwamfutar da monita da miksa da amfilifaya duk a estenshon ɗaya mai kyau daga soket ɗaya. Sau da yawa nan take yake faɗuwa. Ku raba wayar sauti da wayoyin wuta kar su kwanta tare a jere, kuma kar wayar sautin ta yi tsawo da yawa, gara a matso da kwamfutar kusa da miksa.

Sai ka duba inda kuka sa wayar a jikin amfilifayar. In a ramin makirfo kuka sa, kuskure ne, ramin makirfo an yi shi ne dan sauti mai rauni sosai, abin da yake fitowa daga koren rami kuma ya ninka shi ƙarfi, sai murya ta fashe gurnani ya ƙaru. Ku nemi wanda aka rubuta AUX ko LINE ko CD. Sannan ku ɗaga ƙarar kwamfutar zuwa wajen 70 ko 80 ku rage ta amfilifaya, akasin haka ne yake sa ana jin datti fiye da karatun. Wajen ɗauka kuma, abin da ya fito daga miksa a shuɗin rami ake sa shi, ba ruwan hoda ba.

In duk an yi yana nan, akwai wata ƴar na'ura da ake sawa a tsakiyar wayar sauti mai ƙaramin taransifoma a ciki, tana barin sauti ya wuce amma ta yanke hanyar wutar, masu sayar da kayan sautin mota da na situdiyo sun santa, sunanta a kwali ground loop isolator, in kuma nisa ne tsakani sai ku nemi wani ɗan akwati mai irin wannan aikin da ake kira DI box. Na janareto da inbata kuma, in wutar da suke bayarwa ba mai tsabta bace zaka ji ƙarar ta koma zzzz mai kaifi, wannan daga tushe take. Wani tit-tirit-tirit da yake shigowa lokaci-lokaci kuwa wayar salula ce da aka ajiye kusa da miksa, a matsar da ita kawai.

Tambaya: Ramin gaba na akwatina baya yi amma na baya yana yi, kullum sai na sunkuya. Daga Jos.

Amsa: Ramukan gaba ba a jikin madabod suke ba, wata waya ce take haɗa su da shi daga ciki, a kanta an rubuta HD AUDIO, wurin zamanta a madabod kuma an rubuta F_AUDIO ko AAFP ko JAUD1 gwargwadon kamfani. In an taɓa buɗe akwatin aka yi gyara ko shara sau da yawa mantawa ake a mayar da ita. Ka kashe ka cire wuta gaba ɗaya ka buɗe ka duba, fuska ɗaya kawai take shiga dan akwai rami ɗaya a toshe, kar ka tilasta. In a jone take to ƙura ce ko ramin ya saki, na gaba shi ya fi shan ƙurar hunturu da yawan sawa da cirewa, ka busa shi da abin busa ƙura, banda allura banda mai banda ruwa. In ya ƙi ka sayi wayar ƙari ka jona a baya ka ɗora bakinta a kan tebur.

Tambaya: Ina wuni Malam. Na haɗa kwamfuta da babbar talabijin dan yara su kalli darasi, hoto ya fito tangaran amma ba murya. Wayar mai shuɗin kai ce mai sukurori biyu. Kuma kwamfutar tawa da Faransanci take, in kuna faɗin sunaye da Turanci bana ganinsu. Daga Maraɗi.

Amsa: Lafiya lau ɗan'uwa, a gaida mutanen Maraɗi. Wayar da ka kwatanta VGA ce, ita kuma hoto kawai take ɗauka, bata taɓa ɗaukar sauti ba komai tsadarta. Ka duba bayan talabijin ɗin kusa da ramin VGA yawanci akwai ɗan rami da aka rubuta PC AUDIO IN, sai ka sayi waya mai kai iri ɗaya gaba da baya, ɗaya a koren kwamfuta ɗaya a can. In kwamfutar tana da HDMI ya fi sauƙi, waya ɗaya ta ɗauki duka kuma hoton ma zai fi kyau. Kwamfutocin ofis da yawa ba su da HDMI sai DisplayPort, yana kama da shi amma kusurwa ɗaya ce a yanke, kar ka tura HDMI a ciki da ƙarfi, akwai wayar da take mayar da shi HDMI kuma sauti yana bi. Ka kula sautin HDMI daga direban hoto yake fitowa, na Intel ko AMD ko NVIDIA, saboda haka in talabijin ɗin bata fito a jeri ba wancan direban zaka sabunta ba na Realtek ba.

Maganar Faransanci kuma kana da gaskiya, shi yasa nake bada gajerun kalmomin nan irin mmsys.cpl da devmgmt.msc, su basa canzawa ko da wane yare Windows take. In ya buɗe, Playback a naka Lecture ne, Recording kuma Enregistrement, ka zaɓi sunan talabijin ɗin ka danna Par défaut.

Tambaya: Yallaɓai sautina yana yi amma yana kakkatsewa yana ƙarar-ƙarar kamar ana soya abu, kwanan nan ya fara bayan kwamfutar ta yi afdet. Sannan hedifon ɗina na Bluetooth da na shiga kira sai muryar ta koma kamar ta tsohuwar rediyo. Daga Kano.

Amsa: Matsala biyu ce daban. Ta farko, ka fara gwada wani hedifon mai waya ka kuma murza fulogin a hankali, in ƙarar tana canzawa da motsin hannunka to waya ce ta karye daga ciki ko rami, ba ruwan afdet. In bata canzawa ka shiga devmgmt.msc ka danna na'urar sautin sau biyu ka shiga Driver ka danna Roll Back Driver, zai mayar da kai tsohon da yake yi lafiya. In maɓallin a dushe yake baya dannuwa, ka ɗauko direban daga shafin kamfanin kwamfutar ka sa. Sannan a mmsys.cpl ka danna Speakers sau biyu, ka kashe Enhancements, a Advanced kuma ka sa shi a 16 bit 48000 Hz ko 44100 Hz, ba sai ka kai shi can ƙololuwa ba dan kunnenka ba zai ji bambanci ba a sifikar tebur. Ka kuma danna Ctrl da Shift da Esc a tare, shafin da yake nuna nauyin aikin kwamfutar zai buɗe, ka ga ko Disk ko CPU yana kashi 100, tsohuwar kwamfuta mai tsohon hadis in tana fama da afdet a bayan fage sauti yana yankewa, in ta gama sai ya daidaita.

Na Bluetooth kuma ba lalacewa bace, haka tsarin yake a yawancin hedifon. Yana da yanayi biyu, na sauraro mai kyau wanda makirfo baya aiki a cikinsa, da na kira wanda makirfo yake aiki amma ingancin sautin yake faɗuwa, da wata manhaja ta buɗe makirfon sai ya koma na biyun. In kana son murya mai kyau a kira, ka sa manhajar ta yi amfani da wani makirfo daban ka bar hedifon ɗin dan ji kawai. Kuma in ɗan dongul ne kake amfani da shi, wato ɗan abin Bluetooth da ake sawa a ramin USB, ka dawo da shi ramin USB na gaba, a baya ƙarfen akwatin yana tare shi.

Tambaya: Malam tawa in na kunna sai ta dinga ƙara tit tit tit daga cikin akwatin kuma sikirin baya kawo komai, sifikar ce ta lalace? Daga Sakkwato.

Amsa: A'a ɗan'uwa, wannan ba matsalar sauti bace, kwamfutar ce take gaya maka ta duba kanta ta ga wani abu ba daidai ba tun kafin ta kai ga Windows, kuma mafi yawan lokaci RAM ne, wato siririn allon memori da ake sawa a jikin madabod, ya saki ko ƙura ta shiga bakinsa. Ka cire wuta, ka danna maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙu dan sauran wutar ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu, ka buɗe ƴan maƙallan gefe ka ciro RAM ɗin, ka goge bakin zinaren da abin goge fensir a hankali, ka busa wurin ka mayar har sai maƙallan sun rufe da kansu. In guda biyu ne ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. In ta ci gaba, ka ƙirga ƙarar sau nawa take yi, dogaye nawa gajeru nawa, ka lura ko fitilar maɓallin kunnawa tana ƙyaftawa da wane launi, ka turo min tare da sunan kamfanin da samfurin, dan kowane kamfani da ma'anar da ya ba nasa ƙirgen.